Ranar da Kalkuletata Ta Yi Kuka a Shinge

Na sayi kalkuletar ina shekarar farko a jami'a, a wata rumfar tsofaffin kayan lantarki a kasuwar Omdurman. Ta sha hannu kafin ta iso gare ni. Rubutun wasu maɓallan ya goge, murfin bayanta kuma yana da tsagewa a kusurwa ɗaya. Amma irin wadda ake rubuta mata umarni ce: ka jera mata matakan lissafi ta adana, gobe ka kira su ta yi maka aikin ita kaɗai. Abokaina suna kiranta hasiba, sunanta da Larabci, kamar yadda kowa yake faɗa a nan. A gida kuwa Umma "abar nan taka" take ce mata.

Mu Hausawan Omdurman ne. Kakanninmu hanyar hajji ta kawo su, suka zauna. Mahaifina ne ya ƙaura da mu unguwar Kalakla, a ƙetaren kogi, can ya rasu. Yayata ta yi aure a unguwar Alsawra, can Omdurman, gida ya rage daga ni sai Umma. Ƙanen Umma, wanda nake kira Kawu, yana da shago a unguwar Alshajara inda yake gyaran injinan walda da duk wani abu mai waya a ciki.

Ba zato ba tsammani na fara gano cewa kalkuletar tana da abin da ba a rubuta a littafinta ba. Ina cikin hafla, wato ƙaramar bas ɗin da ke kai mu gari, an matse ni da wani mai ɗauke da buhun gawayi, tana aljihun wandona. Da na sauka na ciro ta sai na ga fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Na danna wani maɓalli, baƙin ya koma layi-layi, na sake dannawa, sai ga haruffa da lambobi a haɗe waɗanda ban taɓa gani ba. Na ɗauka ta lalace. Na kashe na kunna, ta dawo daidai kamar ba abin da ya faru.

Na yi makonni ina neman abin da cinyata ta danna. A ƙarshe na gano maɓallai uku ne, ka riƙe su tare sannan ka kunna. Wani ɗaki ne da masu ƙera ta suka bar wa kansu don gwaji kafin ta fita daga masana'anta. A ciki akwai gwajin fuska, da gwajin maɓallai, da wani wuri da yake nuna abin da ke ƙwaƙwalwarta tsirara. A can ƙasa kuma akwai layi ɗaya da na gwada sau ɗaya tak, na yi nadama: yana share duk abin da ke cikinta, ba ya tambaya ko ka tabbata.

Daga nan abin ya zame mini ciwo. Na gano idan ka cika layin rubutu har ya wuce iyakarsa, ka koma baya ka goge harafi guda a wani wuri, alamomin da babu su a kan maɓallan sukan fito. Wasu ba sa yin komai. Wasu sukan daskarar da ita sai an cire batir. Amma wasu umarni ne na gaske, na babbar yayarta mai tsada, waɗanda aka rufe a tawa.

Ranar da na kai wa Kawu ita na ce ina so mu buɗe bayanta, ya ɗaga tabarau ya dube ni.

"Tana aiki?"

"Tana aiki, Kawu."

"To me ta yi maka?"

Duk da haka ya share mini gefen teburinsa. Ya nuna mini wasu 'yan ɗigon tagulla guda biyu a kan koren allon ciki, kusa da juna amma ba su taɓa ba. Ya ce masu ƙera irin waɗannan allo ɗaya suke yi wa mai araha da mai tsada, ɗigo irin wannan ne yake gaya wa na'urar ko ita wace ce. Na goga fensir a tsakaninsu har baƙinsa ya haɗa su. Muka mayar da batir, sai ga sababbin shafuka a fuskarta. Na yi ihu har matar da ke sayar da shayi a ƙofar shagon ta leƙo. Daga baya muka ɗiga dalma a wurin don kada ya goge.

Ban tsaya a nan ba. Na canja wani ɗan ƙaramin abu a allon don ta ƙara sauri, sai ta koma shan batir kamar ruwa. Don haka na ɗaure mata batirin tsohuwar waya a baya da baƙin tef, na fito da wayoyi biyu, ja da baƙa, na sa makunni na tocila a gefe. Sai kuma na gano ɗaya daga ɓoyayyun umarnin yana aika ɗan lantarki zuwa ƙaramar kafar da ke samanta. Na ciro abin ƙarar wani mataccen agogo na liƙa a wurin. Tun daga ranar, idan ta gama dogon lissafi sai ta yi ɗan kuka, tit-tit-tit. Kawu ya juya ta a hannunsa ya ce, "Ɗan nan, wannan kam ta daina kama da abin lissafi." Muka yi dariya.

Na gama karatu na zama malamin lissafi a wata sakandare a Kalakla, tana tare da ni kullum. Shirye-shiryen da na rubuta a cikinta sun yi yawa. Akwai na haɗa makin ɗalibai, akwai wasan maciji da na ɓata hutu guda ina yi. Akwai kuma wanda na fi alfahari da shi, mai fitar da lokutan salla da alƙibla. Don ya yi aiki na saka masa lambobin da suke nuna inda gidanmu yake a taswirar duniya, da na shagon Kawu, da na gidan Yaya a Alsawra, kowanne da sunan unguwarsa a gefe.

Da yaƙi ya zo, mun daɗe ba mu tafi ba. Umma ta ce ba za ta bar gidan da mijinta ya gina ba. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, maƙwabta suka riƙa raguwa gida-gida. Sai da maganin hawan jininta ya ƙare, babu kantin magani a buɗe, sannan ta yarda mu tafi wurin Yaya. Gadojin cikin gari ba sa ƙetaruwa, dole mu yi kudu mu haye kogi ta madatsar ruwa, mu dawo arewa ta ɗaya gaɓar. Kowa ya gargaɗe ni game da waya: goge hotuna, goge saƙonni, kada a ga taswira. Na goge duka. Kalkuletar kuwa na jefa ta cikin jaka tsakanin riguna, ko tunani ban yi ba. A idona kayan aikin malami ce, kamar alli.

Mun wuce shinge da yawa lafiya. A kowanne hafla takan tsaya, wani mai bindiga ya leƙo, ya karɓi katin shaidar maza, ya dubi fuskoki. Wajen azahar, bayan mun haye, muka iso wani shinge da aka yi da tayoyi da ƙofar ƙarfe ta wani gida. Nan suka ce maza su sauko da jakunkunansu.

Muka jera a gefen kwalta. Wanda ya zo kaina dogo ne, ya naɗe fuskarsa da rawani, idanunsa kawai nake gani. Ya ce in ajiye jakar, ya taka ta da takalminsa don ya ji ko akwai abu mai tauri. Ban san abin da takalmin ya danna ba. Daga cikin rigunana sai ga ƙara.

Tit-tit-tit.

Ban taɓa jin wuri ya yi tsit haka ba. Mutanen da ke gefena suka ja da baya, shi ma ya yi tsalle ya ɗaga bindiga. Ya daka mini tsawa da Larabci in buɗe da hannuna, a hankali. Na durƙusa. Na ja zif ɗin. Da na ciro ta na ɗaga sama, a karon farko na gan ta yadda baƙo zai gan ta: baƙin tef, batir a ɗaure, jar waya da baƙa, makunni a gefe.

"Hasiba ce," na ce. "Ta lissafi. Ni malami ne."

Wani ya buge ni ta baya a tsakanin kafaɗu, na faɗi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana sama da ita don tsoron kada ta faɗi su yi harbi. Aka kira babbansu daga inuwar wata bishiya. Gajere ne mai furfura a gemu, yana riƙe da kofin shayi. Bai ɗaga murya ba, wannan ya fi tsoratar da ni. Ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Hasiba mai waya a waje? Hasiba mai ƙara? Wa kake kira da ita?"

Na ce ba ta kiran kowa, ba ta da layi, batirin ne kawai na ƙara mata.

"Jiya jirgi marar matuƙi ya kashe mana mutane a wancan shingen," ya ce. "Wani ne ya ba shi wurin. Da irin wannan ake bayarwa."

A lokacin ne na tuna da shirin salla. Shi ne na farko a jerin shirye-shiryen, dannawa biyu ta isa a gan shi. Sunan unguwa, sai lambobin wuri a gabansa. Unguwa uku. Ɗaya daga cikin masu shingen yana riƙe da waya a hannu, irin waɗanda suke duba taswirar mutane, ya san kamannin lambobin nan sarai. Na san babu bakin da zan yi bayanin alƙibla da shi a wurin nan su tsaya su saurara. Kuma ba ni kaɗai ba ne, na rubuta inda Kawu yake, na rubuta inda Yaya da 'ya'yanta suke.

Direban haflarmu ya kunna mota. Na ji wata murya daga ciki tana cewa a tafi, kada a jawo wa kowa. Ban ga laifinsu ba, ko a lokacin. Sai na ga Umma tana saukowa. An ce mata su zauna a ciki, amma ta sauko tana dafa ƙofa, gefen mayafinta yana jan ƙasa, takalminta ɗaya ya zame ta bar shi. Ta zo ta tsaya inda zan ji ta, ta ce da Hausa, a hankali kamar tana ba ni saƙon kasuwa:

"Malam, ko me suka ce, kada ka gudu."

Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗanta namiji na fari.

Dogon ya juya mata bindiga. "Wane yare ne wannan? Me kika ce masa? Daga ina kuke?"

Ta amsa masa da Larabcin Omdurman tsantsa, irin na tsofaffin matan unguwa. Ta ce Hausa ce, a Omdurman aka haife ta, kabarin ubanta da na kakanta suna can. Ta ce, "Ce masa na yi ya tsaya. Ɗana ne, malamin makaranta ne. Tun yana ƙarami babu rediyon da ya bari da rai a gidana. Wannan ma wasansa ne." Muryarta ba ta rawa, amma ina ganin yatsun ƙafarta marar takalmi suna tonon ƙasa.

Babban ya kurɓi shayinsa. Ya nuna wani fili a bayan shingen, fako ne babu ko ciyawa. Ya ce in tafi can da ita, in tsaya inda zai ce in tsaya, in kunna in danna duk maɓallan. In ta fashe, ta fashe da ni. In ba ta fashe ba, in dawo ya ga abin da ke ciki.

Na miƙe na fara tafiya. Ina jin bakin bindiga a bayana kamar an ɗora mini yatsa a ƙeya. Na so in yi addu'a, sai na ga duk abin da na haddace ya gudu, sai Bismillah kawai nake maimaitawa. Na yi nisa har muryoyinsu suka ragu, sannan na ji an ce, "Tsaya! Juyo!"

Na juyo. Duk sun koma bayan motarsu, kawunansu kawai ake gani. Fasinjoji sun kwanta a cikin hafla. Umma ce kaɗai a tsaye a fili.

Na kashe makunnin. Na ɗora yatsu a kan maɓallan nan uku. Gumi ya sa babban yatsana yana zamewa, na farko bai kama ba, ta kunnu yadda ta saba, da jerin shirye-shiryen a fuskarta. Aka yi mini tsawa daga can me nake jira. Na goge hannu a riga na sake. Fuskar ta yi baƙi. Na wuce gwajin fuska, na wuce na maɓallai, ina ɗaga ta sama don su ga ina dannawa kamar yadda aka umarce ni. Hasken rana ya sa da ƙyar nake karanta rubutun. Na kai layin ƙarshe na danna.

Fuskar ta mutu. Na san takan ɗauki ɗan lokaci, amma tunda na ƙara mata sauri ban taɓa gwada wannan ba, ban san ko za ta farfaɗo ba. In na koma musu da matacciyar na'ura za su ce na lalata shaida. Na tsaya ina kallon gilashin da babu komai a ciki sai inuwar fuskata. Ban san tsawon lokacin ba. Sai ɗan sifiri ya fito a kusurwa.

Na danna sauran maɓallan ɗaya bayan ɗaya har na gama, na koma da hannaye a sama.

Mai wayar ne ya karɓa. Ya shiga nan ya fita can, ya ce in nuna masa inda ake ajiya. Na nuna masa, babu komai. Ya buga wani lissafi, ya gwada a wayarsa, amsa ta zo ɗaya. Ya ce, "To ƙarar fa?" Na ce abin agogo ne, na nuna masa inda na liƙa. Babban ya karɓe ta, ya daɗe yana kallona, ba ita ba. Na sunkuyar da kai ina kallon takalminsa. Sannan ya kama batirin ya fizge, tef ɗin ya yage, wayoyin suka tsinke har da wani yanki na murfin. Ya miƙa wa dogon batirin, ya jefar da sauran a ƙasa.

"Malami," ya ce, "kana da uwa. Tafi."

Ni ban ɗauka ba. Umma ce ta sunkuya ta ɗauke ta, ta kakkaɓe ƙasar, ta ƙulle a gefen mayafinta, sannan ta je ta nemo takalminta. A cikin hafla ba wanda ya dube mu. Matar da ke kusa da Umma ta miƙo mini gorar ruwa ba tare da ta juyo ba. Na karɓa na sha. A kowane shinge na gaba, da mota ta fara rage gudu sai in riƙa jiran a ce an turo saƙo a dawo da mai na'urar nan.

Mun isa Alsawra rana ta yi sanyi. Yaya ta fito da gudu ta rungume Umma suna kuka. Ni na zauna a dokin ƙofa. Umma ba ta ba da labarin ba a ranar, ni ma haka. Sai da aka kwana biyu na gaya mata abin da ke cikin kalkuletar da abin da na yi a filin. Ta ce, "Gara da ban sani ba. Da ƙafata ba ta ɗauke ni ba."

Da aka samu layi na kira Kawu, wanda ya riga ya fita da iyalinsa zuwa wani gari a gabas. Na ba shi labari. Ya ce shi kafin ya fito sai da ya haƙa rami a bayan shago ya binne ma'aunin lantarkinsa da ƙarfen dalmarsa, saboda irin wannan. Ya ce, "Na yi niyyar in gaya maka ka bar taka, ɗan nan. Layi ya ƙi shiga." Na ce masa ba komai, mun iso lafiya.

Abin da ya rage na kalkuletar yana cikin kabad ɗin Yaya, a bayan kofuna. Na san za ta gyaru, wayoyi biyu ne da ɗan ɗigon dalma. Ban taɓa ta ba. Shirye-shiryen kuwa ban kwafe su a ko'ina ba, sun tafi.

Tsoron bai bar ni da wuri ba. Wata rana muna cin abincin rana a tsakar gida, kisra, wato siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, agogon hannun mijin Yaya ya yi ƙara. Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga kaina a jikin bango, hannayena a sama, miya tana gangarowa zuwa gwiwar hannuna, yaran Yaya sun daina tauna suna kallona. Mijin Yaya ya cire agogon ya tura ƙarƙashin tabarma. Umma ba ta ɗago kai daga kwanon ba.

"Malam, agogo ne," ta ce. "Zo ka ci abincinka."

Na wanke hannu da buta, na dawo na zauna.